Sifika Marar Baya

Ku matsa mini daga bakin ƙofa tukuna, kun tare haske. Na ji abin da kuka faɗa ai, kunnen bai mutu ba. Wai Baba Iro yana yaudarar mutane, allo kawai yake hudawa ya ɗaura sifika, ko bayan ba ya iya rufewa. Kun gani a bidiyon waya, wani ya haɗa irinta kafin shayi ya huce. To madalla. Ga zarto can a rataye, ga katako. Amma kafin wani ya datse yatsa uwarsa ta zo ta tsaya mini a ka, ku zauna kan bencin nan ku saurara.

Sifikar farko da na taɓa buɗewa a shagon Oga Sunday ne, nan Tudun Wada, kusa da inda 'yan keke suke layi yanzu. Ibo ne, amma Hausarsa ta fi ta wasunku. Shekarata ta farko ban taɓa ƙarfen dalma ba. Aikina kankare tsohon gam daga bakin sifika da reza, ba tare da na yaga takardar nan mai motsi ta ba da sauti ba. In na yaga, ranƙwashi. Sai a shekara ta biyu ya bar ni in naɗa koyil, wato siririyar wayar nan da ke zagaye a gindin takardar, cikin maganaɗisu. Waya ce kamar gashi. Kana naɗi kana ƙirge, wani ya yi sallama ka amsa, ƙirgen ya ɓace, ka warware ka sake. Shi ya koya mini gwaji da batirin tocila: ka taɓa wayoyin biyu, takardar ta motso gaba. In sifika biyu ne, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, to ka juya waya, in ba haka ba za su yi ta cinye muryar juna kai kuma kana zagin amfilifaya, na'urar ƙara sauti.

A tsakiyar shagon akwai wani tsohon ƙyauren ɗaki da ya huda, ya jingina da durom. Duk sifikar da aka gyara, a jikin ƙyauren nan ake ɗaura ta a gwada kafin a mayar da ita akwatinta. Wata rana mun ɗaura wata, ana labaran rana, sai na waiga don na ɗauka mutum ne ya shigo yana magana. Da muka mayar da ita akwati muka ɗaure bayan, sai mai labaran ya koma kamar ya zura kai cikin randa. Na ce, “Oga, ai a ƙyaure ta fi daɗi.”

Ya dube ni ya ce, “Na sani. Amma mai kaya akwati ya zo karɓa, ba murya ba. Rufe bayan, ka rufe bakinka.”

Bayan dai na rufe shi. Bakin ne har yau ya ƙi rufuwa.

Ga abin da bidiyonku bai tsaya ya gaya muku ba. Takardar sifika in ta tura iska gaba, a lokacin nan tana jan iska ta baya. In ba komai a tsakani, iskar gaba sai ta zagaya ta cike ta baya, sauti ya mutu a wurin, musamman ƙugin nan mai dukan ƙirji da kuke kira bes. Masu akwati sun ce a kulle ta bayan a huta. An huta ɗin, amma wadda aka kulle ba ta zama shiru, tana dukan katako tana dawowa ta cikin takardar, shi ne muryar randar. Ni kuma ba na kulle ta, hanya nake tsawaita mata. Faɗin allon shi ne tsawon hanyar. Ka faɗaɗa, ƙugi ya ƙaru. Ka rage, ya tafi. Ka huda ramin a tsakiya cif don ya yi kyau a ido, wata murya ta ɓace wata ta yi tsini, don haka ake gusar da shi gefe, mutane su ce Baba Iro bai iya awo ba. Katako marar kauri yana rawa tare da sifikar. Sifikar ma ba kowace ba, sai mai sauƙin takarda, irin ta tsofaffin rediyo. Sannan babban sharaɗi: ba a jingina ta da bango. Taku uku, in ɗaki ya yarda huɗu.

To a nan ne nake karo da mutanen Zariya. Mu a gidajenmu komai bango yake bi. Gado bango, kujera bango, kabad bango, tsakiyar ɗaki ta baƙi ce da tabarma. Kuma ba a barin abu da bayansa a buɗe, ko kwanon tuwo sai an kifa masa faifai. Ka kai wa mutum aikin da ka yi sati biyu kana saurare, ya zagaya bayansa, ya ga maganaɗisu da wayoyi, ya ce, “Ma sha Allah. Yaushe za ka ƙarasa?” Wani ya ce ɓeraye za su samu gida. Wani mai kiɗan biki daga Gyallesu ya kunna, ya dafa ƙirjinsa, ya jira, ya ce bai ji komai ba. Na ce masa ni kunne nake yi wa aiki, in ƙirji ne ya tafi asibiti. Bai sake dawowa ba, kuma ya gaya wa duk abokansa. Masu sayen kayana dama 'yan tsiraru ne: malamai masu sauraron karatu, da wasu tsofaffin ma'aikata da ke son su ji kukuma kamar mai ita yana zaune a gabansu. Sauran kwanaki akwati nake haɗawa kamar kowa, ina rufe baya ina istigfari.

Sai shekarar da ƙananan sifikun cajin nan suka cika gari, masu fitilu ja da kore, waɗanda wata mata ke magana a ciki in an kunna. Kowa ya rataya tasa a wuya. Akwatin ma aka daina nema, balle allo. Na koma gyaran fanka da dutsen guga. Mutumin da ya naɗa koyil da hannunsa, ga shi yana ciro gashi da yanar gizo daga cikin fanka. Na yi baƙin ciki, ba zan ɓoye ba. Har na fara tunanin sayar da tsofaffin sifikun da na tara wa masu sayen ƙarfe.

A cikin wannan shekarar ne wata mota ta tsaya nan, wani saurayi mai suna Kabiru ya fito da mahaifinsa yana riƙe da hannunsa. Alhaji Shehu, tsohon hedimasta, a Hanwa yake zaune. Ciwon suga ya tafi da idanunsa, jikin ma ya fara saki. Ya zauna ya ce, “Malam Iro, an ce kai kake yin sifikar da mutum ke fitowa a ciki kamar yana raye.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, waɗanda suka faɗa ba su da yawa, amma ba su yi ƙarya ba.”

Ya laluba aljihun gaba ya fito da kaset a naɗe cikin hankici. Ku ba ku san wannan ba. A da in ɗan'uwa ya yi nisa, ba rubutu ake yi ba, rikoda ake ajiyewa tsakar gida kowa ya zo ya yi gaisuwa, a ba wani matafiyi ya kai. Ƙaninsa ya yi zama a Makka, aka yi masa wannan a gidansu na Gyallesu. Kowa ya yi magana ban da mahaifiyarsu, ta ce ita ba ta hira da akwati. Ranar shi Alhaji ba ya nan, yana koyarwa a ƙauye. Da ƙanin ya dawo da kayansa, ya ce masa akwai muryar Inna can baya, wajen da ake daka. Yanzu ƙanin ya rasu, Innar ta daɗe da rasuwa, ko hotonta babu.

Ya ce, “Ni ne ɗanta na fari. Ka san al'ada. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba, a gaban mutane ko kallona ba ta yi. Ban riƙe ta da komai ba, haka aka yi su. Amma muryar ta fara ɓace mini, Malam Iro. Ina so in ji ta ko sau ɗaya kafin in bi ta. Duk rediyon da aka sa, turmi kawai nake ji.”

Na bi su Hanwa na saurara a manyan akwatunan da ke falonsa, kowanne a kusurwa. Gaskiyarsa. Mahaifinsu na gaisuwa a gaba, a baya kuwa mata biyu na daka, kuma akwatin ya ɗauki turmin nan ya mai da shi ganga: gum, gum, har gilashin taga na amsawa. Can ƙarƙashi akwai wani abu siriri, ba ka ce magana ba ce. Sai na ji daɗi ya kama ni. Abin da duk garin ke zagin allona da shi, wai ba ya ƙugi, yau shi ake nema.

Kaset ɗin kuwa, Alhaji ya ce ba zai kwana a waje ba. Don haka na yi nawa na gwaji. Na ajiye rikoda a bakin zaurena, na roƙi matan maƙwabta biyu su yi daka, na ce wa matata Ladi ta tsaya can wajen madafa ta yi magana. Ta ce, “In ce me?” Na ce, “Abin da kike faɗa in na fita.” Ashe tana da abin faɗa.

Sati uku ina kan wannan aiki. Na ciro sifiku biyu na wata tsohuwar rediyo mai ƙafafu, takardarsu kamar ganye. Allon farko ya yi faɗi, turmi ya rufe Ladi. Na rage yatsa uku kowane gefe, sai na fara jin sunana. Na sake huda wani allon na gusar da ramin, na ji “Iro” da “taurin kai.” Na canza kafasito, ɗan abin nan da ke tace sautin da zai wuce, na liƙa guntun bargo a bayan allon don kada katako ya yi rawa, na yi ta ja da shi gaba da baya a tsakiyar shagon nan ina komawa kujera. Ranar da na ji ta ce, sarai kamar tana tsaye a kaina, “Mutum ya tsufa yana cin katako kamar gara, fankar gidansa wata biyu ba ta juyawa,” na tashi na yi hamdala. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da na kai kayan Hanwa, sai na tarar an kwantar da Alhaji a asibiti, kaset ɗin na aljihunsa. Kabiru ne a gida. Na auna taku uku daga bango, na tsayar da allunan, na zana wurin ƙafafunsu da alli a kan siminti, na zana inda kujerar Alhaji za ta zauna. Na ce, “Kabiru, kada a matsar, kada a jingina, kada a rufe.”

Yana danna waya ya ce, “Haba Baba, ai ni injiniya ne.”

Daga baya na ji injiniyan ruwa ne.

Sati biyu shiru. Na ji an sallamo Alhaji, na jira a aiko, ba a aiko ba. Na ce ko dai tsohon ya ji abin da ya ji yana son kaɗaici. Sai ga Ɗanjuma kafinta, wanda muke sallah sahu ɗaya, ya leƙo yana murmushi, fensir a kunne.

“Malam Iro, ka gode mini. Na rufa maka asiri a Hanwa.”

Na ce, “Wane asirin?”

“Aikin da ka bari rabi mana. Hajiyar gidan ta kira ni. Na yi musu gefe da gefe, na rufe bayan da katako mai kauri, gam da ƙusa, ko iska ba ta shiga. Na shafa musu mai suna ƙyalli. Ban gaya wa kowa kai ne ka kasa ba, na ce jiki ne ya motsa maka.”

Wallahi da ƙarfen dalma na hannuna ya yi zafi, da yau wani labarin nake ba ku. Na sa sukundireba a aljihu, na tare acaɓa.

Na tarar da falon cike da 'yan dubiya, maza a kan kafet, ana ta ya jiki. Ga alluna nawa can, kowanne an tura shi kusurwa, an mai da shi akwati, an lulluɓe da leshi, an ɗora furen roba a kan ɗaya, fulas ɗin shayi a kan ɗaya. An goge allin tas. Alhaji na kan doguwar kujera, ya rame ƙwarai. Da ya ji muryata ya miƙo hannu.

“Malam Iro, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka. Na ji nauyin in aiko maka ne. Allah bai nufa ba, turmin dai nake ji. Na haƙura.”

Wato sati guda yana zaune gaban aikin Ɗanjuma, ba ya gani, yana ɗauka iyakar abin ke nan. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba aikina ka ji ba. An rufe bayan.”

“Wane bayan?”

Sai Hajiya Binta, uwargidansa, ta yi magana daga bakin labule. “Haba Malam Iro. Mutane na shigowa dubiya daga ko'ina, manya da ƙanana. Su tarar da abu tsirara a tsakiyar falo, wayoyi a waje kamar hanjin kaza? A fita a ce 'ya'yan Alhaji sun kasa sai masa cikakkiyar rediyo yana kwance? Mu ma da mutuncinmu. Gyara muka yi.”

Kuma fa ba mugunta ta yi ba. Duk wanda ke falon nan, da gidansa ne, abin da zai yi ke nan. Na ga wasu ma suna gyaɗa kai.

Alhaji ya ce, “Binta, baƙin nan ido gare su, ni kuwa kunne ya rage mini. Ku bar shi ya yi aikinsa.”

Sukundireba bai yi komai ba, don Ɗanjuma, Allah ya isa, ya iya aiki. Sai da aka aro mini guduma da adda. Ga ni durƙushe gaban manyan mutane, ina ɓamɓare katako mai ƙyalli, gumi na zuba, wani dattijo na cewa a hankali, “Assha, abu mai kyau.” Na cire bayan, na cire gefunan, na duba takardun ba su yage ba, na taɓa batir na ga duka biyun sun motso gaba. Na ce wa baƙi su yi haƙuri su tashi, na naɗe kafet, na auna taku uku. Ni da Kabiru muka ɗago Alhaji muka zaunar da shi a tsakiya. Ya ciro hankicin da kansa.

Kaset ya fara da shuu. Mahaifinsu ya yi sallama, ya yi addu'a, sai ka ce yana zaune tsakanin allunan biyu. Wani tsoho cikin baƙin ya amsa sallamar bai sani ba. Turmin na nan, amma ya koma inda turmi yake zama, can ƙarshen tsakar gida. Aka ji kaza. Aka ji ana bakace. Sai wata murya siririya, ta mace, ba da rikoda take ba, da wata yarinya take:

“Ke Hansai, kada ku kankare tukunyar nan. Wancan yana hanya yau. Ku bar masa ƙanzon, shi yake so.”

Ba wanda ya motsa. Alhaji ya ɗaga yatsa ya ce, “Mayar.”

Na mayar. Ya sake cewa a mayar. Na sake mayarwa. Can ya ce, ba da kowa yake ba, “Duk zuwan da zan yi sai in tarar da ƙanzo a tukunya. Na ɗauka yaran gidan ne ba sa so.” Ya numfasa. “Ashe ta sani.”

Ya yi kuka, mutum mai jikoki, a gaban baƙinsa. Ni ma na yi, da adda a hannuna. Hajiya ta saki labulen ta koma ciki.

Washegari ita da kanta ta aiko a tambaye ni wane irin fenti ne ba ya goguwa a siminti, ta sa aka bi sawun ƙafafun allunan da shi. Duk mai sharar da ya matsar da su ya ji a jikinsa. Alhaji bai ga ƙarshen daminar shekarar ba, amma Kabiru ya ce mini kullum bayan la'asar sai an kunna masa wurin, kuma kullum sai ya ce a mayar.

Katakon da na ɓamɓare kuwa, Hajiya ta ce in kwashe kada ta sake ganinsa. Na ɗoro shi a keke na kawo nan. Itace ne mai kyau, ban ga dalilin yar da shi ba, na yi masa ƙafafu huɗu. Shi ne kuke zaune a kai tun ɗazu.